Kada Mu Soke Sunansu: Jawabi A Kan Giya Da Masu Son Barinta

(Jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal ya yi a babban taron ƙungiyar ƴan gari a Ingal, lokacin bikin gishiri. Biro ya nemi a buga shi domin ƴan'uwa da ba su samu sauka ba.)

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, shugaban ƙungiya da mutanen biro, da ku ƴan'uwa da kuka sauko daga Arlit, da Agadas, da Yamai, da Tamanrasat, da Libiya, da wuraren zinariya, muna gaishe ku da gajiyar hanya. Allah ya sa kun iske gida lafiya. Za mu yi magana da Hausa domin ita ce kowa ke ji a nan. In akwai tsohon da ya fi sakewa da Tasawak ko Tamashak, wanda ke kusa da shi ya riƙa juya masa.

Mu yara ne a gabanku, kuma maganar da aka ɗora mana ba mai daɗin faɗi ba ce a gaban iyaye. A zaman jiya an kawo shawara cewa duk ɗan ƙungiyar da aka tabbatar yana shan giya, a soke sunansa daga littafi, kada asusu ya ƙara taimakonsa ranar ciwo ko ranar rashi. Waɗanda suka kawo ta mutanen kirki ne, abin da ya dame su ya dame mu. Biro ya ce mu faɗi namu ganin kafin a ɗaga hannu. To namu ganin shi ne kada a soke, kuma za mu faɗi dalili, sa'an nan mu faɗi abin da muke so a yi a maimakon haka.

Da farko mu tuna ta inda abin ya shigo mana. Iyayenmu sun fi mu sani, garin nan da dabino da gishirin Tagidda ya tashi, da ayari, da karatu. Saurayi yana tashi a gonar ubansa bakin ƙorama, ko a ramukan gishiri, duk inda ya waiwaya akwai idon da yake jin kunya. Sai fari na 1973 da 1974 ya zo ya share dukiya. A daidai wannan lokaci Arlit ta buɗe, Somair ta fara fitar da uraniyom a 1971, Cominak ta biyo baya a Akokan a 1978. Da aka yi godabe daga Tawa zuwa Agadas da Arlit a ƙarshen shekarun 1970, hanyar ba ta ratsa ta cikin garinmu ba, manyan motocin da suka saba kwana nan suka riƙa wucewa can nesa, ciniki ya ja baya. Farin 1984 ya ƙarasa abin da ya rage. Tun daga nan samarinmu ke fita biɗa. Da aka ga zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014 wata fitar ta sake tashi, da Cominak ta rufe a ƙarshen Maris na 2021 kuma ɗaruruwan magidanta suka wayi gari ba aiki.

Me saurayi ke iskewa can? Kuɗi a hannu ƙarshen wata, ko rana guda in rami ya ba da, ɗaki da mutum shida ko shi kaɗai, ba uba, ba kawu, ba limamin da ya san sunan kakansa. Aiki ya ƙare da la'asar, dare kuma yana da tsawo. Wanda ya fara kiransa ya ce zo mu zauna, shi ne ya zama ɗan'uwansa. Yawancin waɗanda muka sani ba don ɗanɗano suka fara ba, don zaman ne. Ku riƙe wannan, domin a kansa dukan maganarmu ta tsaya.

Ɓarnar giya ba sai mun tsawaita ba, amma tun da aikinmu lissafi ne, ga lissafi ɗaya. Mu ɗauka mutum yana kashe jikka 2 a rana, shi da wanda ya saya wa. A wata jikka 60 ke nan, a shekara jikka 720. Kowa ya juya wannan zuwa buhunan hatsi da farashin kasuwar yau, ko zuwa tumaki, ko zuwa rijiya a gonar dabino. Mu a aji muna ganin ƙarshen lissafin. Yaro ya zo ba littafi, ba abin karyawa, yana gyangyaɗi tun ƙarfe tara domin daren jiya ba a yi barci a gidansu ba. Ba ya faɗi, mu ma ba ma tambaya a gaban sauran.

Ta wajen jiki kuwa, hanta ce ke ɗaukar nauyin. Shekara da shekaru tana tace giya har ta ƙanƙance ta taurare, ido ya yi rawaya, ciki ya cika da ruwa, ƙafafu su kumbura, wani ya yi aman jini. Mu kan ce sammu ne ko ciwon shawara. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 2 da dubu 600 a duniya, miliyan 2 daga cikinsu maza ne. Ku kuma ƴan Libiya, kun san can an hana sayar da ita tun 1969, sai wadda ake dafawa a ɓoye. A watan Maris na 2013 irin wannan ta ɓoye, wadda ke da gubar da ake kira metanol, ta kwantar da mutum sama da 1000 a Tarabulus, wajen 100 suka mutu, wasu suka makance. Gubar nan ba ta da wari ko launin da zai bambanta ta. Game da tramol da sauran ƙwayoyi, waɗanda suka fi giya yawa a wajen ƙananan samari da masu haƙar zinariya, duk abin da za mu faɗi ya shafe su, sai dai wannan magana ce mai bukatar nata zaman.

To in ɓarnar ta kai haka, don me muke cewa kada a soke?

Mai shan giya daga cikinmu yana da jama'a biyu. Akwai mu, akwai abokan kwalba. Duk ranar da ya zo taro ya zauna can baya yana sunkuyar da kai, ya biya kuɗin wata ko da a makare, to igiya ɗaya ce ta rage tsakaninsa da gida. In muka tsinke ta, jama'a ɗaya ta rage masa, kuma su ba su soke sunan kowa. Sa'an nan ku duba wa hukuncin zai faɗa wa. Ranar da asusu ya ƙi biyan magani, matarsa ce za ta sayar da akuyarta. Ranar da ya mutu a Arlit aka ce ba ya cikin littafi, ɗiyansa ne za su ji kunyar, su da ba su taɓa ganin bakin mashaya ba. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Mu ba malaman addini ba ne, ga su nan zaune, in mun karkace su miƙe mu. Haramcin giya ba shi da shakka, ba kuma shi muke tattaunawa ba. Amma a wajensu muka ji cewa Buhari ya ruwaito labarin wani sahabi mai ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dariya, wanda aka sha kawowa saboda shan giya ana yi masa hukunci. Wata rana wani ya gaji ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a fitar da shi daga jama'a ba. A wajensu kuma muka ji cewa hanin ya sauka hawa-hawa, a Baƙara aya ta 219, sa'an nan a Nisa'i aya ta 43, har ya cika a Ma'ida aya ta 90 da 91. Kada wani ya ce mun ba shi izinin ragewa sannu-sannu, wannan ƙofa ta rufe tun tuni. Abin da muke so a lura shi ne, ranar da hanin ƙarshe ya zo, mutanen Madina tare suka zubar da tulunansu, har ta gudana a kan hanya. Ba wanda ya bari shi kaɗai maƙwabcinsa na sha.

Mu ma muna ganin irin wannan kowace shekara. Mutum nawa muka sani da ke ajiye kwalba daga ganin watan azumi har sallah? Kwana 30 cur. Me ya ba su ƙarfi? Gari duka yana azumi, ana shan ruwa tare, ana asham tare, dare ya cika da mutane. Bayan sallah kowa ya watse, sai su koma. Ashe ba ƙarfin zuciya ne kaɗai suka rasa ba a sauran watanni 11.

Iyayenmu da suka kawo shawarar suna da tsoro biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Suna tsoron kuɗin jama'a ya ƙare a mashaya, suna kuma tsoron yara su ga kamar abin ba komi ba ne. Na farko yana da magani mai sauƙi: kada a ƙara ba mai sha kuɗin asusu a hannu. In magani ne, ma'aji ya karɓi takarda ya biya a farmasi da kansa. In abinci ne, a auna hatsi a kai wa uwargida. Kuma kada a ba shi riƙon kuɗi ko muƙami a biro har sai ya shekara bai sha ba. Na biyun kuwa, a ganinmu yaro ya fi koyo daga kawunsa da ya bari ya dawo mutum a gaban idonsa, a kan kawun da aka daina ambaton sunansa a gida.

Yanzu ga wurin da muke roƙon a saurara da kyau, domin a nan ake rasa rai. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, wanda in ya tashi da safe hannunsa na karkarwa har sai ya kurɓa, jikinsa ya riga ya saba. In ya yanke rana ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 zai fara zufa, da rawar jiki, da amai, da rashin barci. A kwana na farko ko na biyu wani kan faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan ruɗe, zazzaɓi ya rufe su, su riƙa ganin macizai da ƙwari a bango, suna magana da waɗanda ba su nan. Wannan hali yana kisa in ba a kula ba. Mu kan ce iskoki ne suka kama shi, a ɗaure shi a ɗaki, a yi ta hayaƙi. A yi masa addu'a, wannan ba mai hanawa, amma a kai shi likita. Akwai maganin da majo ke bayarwa na ƴan kwanaki da ke kwantar da jijjigar, da bitamin B1 da ke tsare ƙwaƙwalwa, da ƙarin ruwa. In abin ya fi ƙarfin likitarmu ta nan, sai babbar likita ta Agadas. Saboda haka in ɗanku ya ce ya tuba zai bari, kada ku ce ya tafi daji wajen raƙuma ya huce, nesa da kowa. Ya bari yau ɗin, amma a fara da ganin majo, a kuma gaya masa gaskiyar yawan abin da ake sha, domin da ita zai auna magani. Kuma kada kowa ya sayi irin waɗannan ƙwayoyi a tebur ya ba shi da kansa.

Mako guda ko kwana goma wannan ya wuce. Mai wuyar yana gaba, kuma shi ne namu.

Ba mu ne farkon waɗanda suka gamu da wannan ba. A 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka, wasu mashaya biyu, Bill Wilson ɗan kasuwar hannun jari da Bob Smith likitan fiɗa, waɗanda magani da alkawari duk suka kasa, sun gano cewa in ɗayansu ya zauna ya yi wa ɗayan maganar halin da yake ciki, ranar tana wucewa ba su sha ba. Daga nan ƙungiyar da Faransawa ke kira Alcooliques Anonymes ta samo asali, ta bazu a duniya. Ba su yi wa kansu alkawarin shekara, na yini ɗaya suke yi, gobe su sabunta. Kuma abin da aka faɗi a zaman ba ya fita waje. Wanda ya fi kama da zamanmu shi ne tsarin wani likita mai suna Vladimir Hudolin, a Zagreb, cikin tsohuwar Yugoslabiya, tun 1964. Shi ya ce ciwon na gida ne duka, saboda haka mai sha ba ya zuwa shi kaɗai, da iyalinsa yake zuwa. Gidaje kamar goma zuwa goma sha biyu su haɗu sau ɗaya a mako, in sun fi haka su rabu biyu. Tsarin ya shiga Italiya a 1979 ya yi ƙarfi ƙwarai. Ba mu kawo waɗannan don mu kwaikwayi Turawa ba. Mun kawo su ne don a ga abin da suka sha wuya kafin su ƙirƙiro, mu muna da shi a ƙofar gida: fada, da butar shayi, da zumunta.

Abin da muke nema ga shi. A kowane gari da ƴan ƙungiya suka kai biyar, a sami dare ɗaya a mako, bayan isha'i, a gidan mutum ɗaya sananne, a ɗora shayi. Kada a sa masa wani suna da zai kunyata mai zuwa, zaman ƴan gari ne kawai, mai sha da marar sha. Wanda ya yi niyyar bari ya zaɓi mutum biyu da kansa, ɗaya tsaransa, ɗaya babba. Shi zai zaɓa, ba biro ba, domin ba kowa ake iya buɗe wa ciki ba. Aikin tsaran shi ne lokacin nan tsakanin magariba da barci, da ranar biyan albashi, da ranar da aka sayar da zinariya. A ranakun nan kada a bar shi shi kaɗai, a bi shi har wurin aika kuɗi a tura na gida kafin a yi komi. In can cikin dare abin ya taso masa, ya kira a waya ba tare da jin nauyi ba, wanda aka kira kuma kada ya yi masa wa'azi, ya dai zo ko ya riƙe shi da hira har abin ya lafa, domin sha'awar takan taso ta kwanta kamar guguwa. Aikin babban kuwa shi ne riƙe masa ajiya in ya yarda, da shiga tsakaninsa da waɗanda ya ɓata wa, da masu binsa bashi. In an samu wanda ya taɓa sha ya bari, ya fi kowa dacewa da wannan aiki, kuma muna da su a cikinmu, ko da yake ba za mu nuna kowa da yatsa ba.

Sai rufin asiri. Garinmu ƙarami ne, magana in ta fito daga Akokan da safe, kafin azahar ta iso bakin kasuwa a nan, yanzu da waya ma ba ta kai azahar. Mutum ɗaya in aka tona, ba wanda zai ƙara zuwa. Muna roƙon a sa a cikin dokar ƙungiya cewa wanda ya fitar da maganar zaman nan, shi ne za a ci tara.

Za a koma, wannan ku sa shi a ranku tun yanzu. Da yawa daga masu bari sukan zame sau ɗaya ko fiye, musamman a watannin farko, wani a wajen biki, wani ranar da aka kore shi daga aiki, wani kuwa ranar da ya ga kamar ya warke har zai iya kurɓa ɗaya ya tsaya. Ba ya iyawa. In haka ta faru kada a ce ai dama mun faɗa. A je masa washegari da safe, a tambaye shi ina ne, da wa, me ya faru kafin nan, a toshe wannan ƙofar, a sake ƙirga kwanaki daga ɗaya. Masu gonaki sun san ɗan dabinon da aka cire daga gindin uwa aka dasa, shekaru ake yi ana ba shi ruwa kafin a ga ƙwaya ɗaya ta Almadina, kuma ba wanda ke tumɓuke shi don ganyensa ya bushe a bazarar farko.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa ɗaukar wannan kaya, ku ne kuma ba a tambaya. Muna so a daina cewa laifin matar ne da ba ta iya riƙe miji ba. Ba ita ta sa shi ba, ba kuma ita kaɗai za ta raba shi da ita ba. Ku zaɓi mata biyu dattawa a cikinku waɗanda matan nan za su iya zuwa wurinsu a asirce, su kuma su kawo wa biro bukatar ba tare da suna ba in ana iyawa. Amma fa akwai iyaka. In yana dukanta ko yana dukan yara, ba za mu mai da ita ɗaki da kalmar haƙuri ba. Ta zauna gidan iyayenta har a ga canji na gaske, asusu kuma ya bi ta can da hatsin. Taimakon mai sha ba ya nufin a bar shi ya cuci na ƙasa da shi.

Wani ya tambaye mu jiya bayan taro, to wanda ya ce shi ba ya bari fa? Ba mu da dabarar tilasta shi. Sunansa ya zauna a littafi, kuɗi kada ya shiga hannunsa, iyalinsa su ci gaba da samun haƙƙinsu, kuma duk wanda ya sauka garin da yake ya je ya gaishe shi kamar kowa. Wata rana ciwo ko kunya ko mutuwar aboki za ta girgiza shi, a ranar nan ya san ƙofar da zai buga.

Saboda haka, shugaba, in an zo ɗaga hannu muna roƙon a raba tambayar biyu. Ta farko, a soke ko kada a soke. Ta biyu, ko jama'a ta yarda a ware wani abu daga asusu domin kuɗin mota zuwa Agadas da kuɗin magani na makon farko, ga mai bari da mutum ɗaya da zai raka shi. Ma'aji ya ce zai karanta abin da ke cikin asusu kafin a yanke adadin. Wakilan Arlit, da Agadas, da Yamai, da Tamanrasat kuma, muna roƙon su tsaya bayan addu'a, kowa ya ba magatakarda sunan gidan da za a riƙa ɗora shayin da daren da suka zaɓa, domin a buga a fitowa ta gaba.

Iyayenmu, in mun yi tsaurin ido a gafarce mu.